Itacen da Ba a San Sunansa Ba

Wani itace a bakin hanyar Batsari zuwa Safana ya shekara ba mai ko kallonsa. Da bazara ta kankama, ganyensa ya kakkaɓe, furanni rawaya suka zubo reto-reto, nan take kowa ya zama masani.

Ɗan boko ya ɗauki hoto, wayarsa ta ce ɗan Indiya ne. Dattijon da ya yi kiwo a Dajin Rugu ya ce marga ce, tun yana yaro ya san ta. Wanzami ya ce, "Baba, ko ma mene ne, saiwarsa na maganin ciwon ciki."

Shi ke nan. Kafin a daidaita kan suna, an sassaƙe ɓawon, an tone saiwar. Baɗi sai a yi gardama a kan kututture.