Tsohon turmi ba kwance ba ne

Mu nan ƙetaren gada, daga Kakuri da Makera zuwa Barnawa har Sabon Tasha, muna da wani hali mai ban dariya. Motarmu ta hannu ce, firjinmu na hannu, rigar da muke taƙama da ita ran Juma'a ko Lahadi daga dilar gwanjon Kasuwar Monday ta fito, kuma ba mai jin kunya. Amma ki kuskura ki naɗe irin wannan rigar ki kai wa amarya gudummawa, kafin magariba unguwa ta ɗauka: "Wance dai kwance ta kawo!" Kwance sai ƙani, sai yaron gida, sai almajiri. Ba a miƙa shi sama.

Ban da abin sassaƙa. Turmin da kaka ta tsufa tana daka a ciki, ran da uwa ta ce wa ɗiyarta "ɗauki ki tafi da shi ɗakinki", sauran 'yan'uwa har harararta suke yi. Kuma suna da hujja. Sabon turmi sai an sha wahalarsa: a daka dusa a zubar, a sake dakawa, kafin ya daina zuba wa mutane garin icce cikin yaji. Wani ma hunturu ɗaya zai tsage, don masassaƙi ɗanyen icce ya sa wa gizago. Tsoho na ƙirya kuwa ya riga ya ga iska ya ga ruwa, cikinsa ya yi sumul, taɓarya ta san wurin zamanta. Haka kujerar Nupawa, wadda masassaƙan Bida ke fitarwa daga gungume guda, ba ƙusa ba haɗi, ƙafafu reras a kewaye, samanta duk zane. Wadda aka ba irin wannan ba ta tambayar wa ya fara zama a kai.

Yadda kayan nan suka cika mana gidaje, masaƙu za a tambaya. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, masaƙun Arewa da UNTL suka biyo baya, mutane suka yi ta kwararowa: Nupawa, Tibi, Idoma, Bajju, Zagezagi, kowace mace da turminta da muciyarta. Da masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta rufe a 2007, masu komawa gida suka tarar turmi ba abokin tafiya ba ne, direba sai ya nemi kuɗin mutum guda a kansa. Sai a leƙa gidan maƙwabciya: "Maman yara, ga wannan, kya riƙa tunawa da ni." Rikicin da aka yi a garin nan a 2000 ma ya bar nasa, waɗanda suka haye gada sun ba da ajiya, ajiya ta daɗe har ta zama kyauta. Shi ya sa za ka shiga gidan Bahaushe a Makera ka tarar da turmin sakwarar Tibi, ka shiga na ɗan Bajju a Narayi ka ga baƙin akushin Zazzau.

Akushin nan dai mun zalunce shi. Da langa da samira suka shigo, roba ta biyo su, muka tura shi bayan ɗaki kaji na cin dusa a ciki. Yanzu dillalan kayan tarihi ke bi gida-gida da 'yan canji, su goge shi da mai, su kai Abuja Turawa na rububi. Har akwai masu turara sabo da hayaƙi don ya yi kama da na kaka!

Yaranmu da suka ga haka sun fara dawowa suna binciken madafa: "Iya, ina akushin nan naki? Ba ni shi in rataye a falo." Tsohuwa ta ba shi, ba ta hana ba, amma sai da ta bi shi har zaure tana tambaya, shin su can a bango suke zuba tuwo?