Takarda Zuwa ga Hajiya Kwamfuta, Mai Gaba da Maigidanta



Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin kwana lafiya, ko da yake na san yadda kika kwana, tunda ni na kashe ki da ƙarfin tsiya kafin in kwanta. Dalilin wannan takarda shi ne mu yi magana ta fahimta a kan halin da kika ɓullo da shi. Da biro nake rubuta ta, ga ki can a kan tebur kina kallona, domin har yanzu ban kai ga ba ki amanar shafi biyu na rubutu ba.

Ki tuna ba a haɗe na same ki a kanti ba. Gaɓa-gaɓa na tara ki: yau firosesa, wani watan madabod, can gaba sandunan RAM biyu masu gigabait takwas-takwas, sai SSD, sai katin hoto, sai akwatin wutar nan da ake kira PSU. Na shimfiɗa tabarma, na kori yara daga ɗakin, na buɗe ɗan littafin da ya zo cikin kwali na bi shi shafi-shafi, abin da magina da yawa ke ganin raini ne su yi. Ranar da na danna maɓalli fankokinki suka juya, har maƙwabci na kira ya zo ya gani. Windows 11 ta shiga ba gardama. Na ce to, alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ashe da sauran magana.

Ana cikin aiki, ba sallama ba komai, sai kibiyar maus ta tsaya cak. Agogon kusurwar allo ya tsaya. In ana sauraren wani abu, sautin ya maƙale a harafi guda yana ta gurnani har sai an zare lasifika. Fankoki kuwa suna ta juyawa abinsu, fitilunki masu launi suna ta walwali, wanda ya leƙo daga ƙofa sai ya rantse lafiyarki ƙalau. Nakan danna Caps Lock in ga ko 'yar fitilarta za ta kama, domin in ta kama, manhaja ɗaya ce ta maƙale, sauran jiki na nan da rai. Ba ta kamawa. Nakan danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, abin da ke sa a sake tayar da direban katin hoto, shiru. Nakan koma ga Ctrl da Alt da Del, kiran nan da injiniya David Bradley ya ƙirƙiro wa kwamfutar IBM ta 1981, wanda kakanninki masu tarbiyya suka shekara arba'in suna amsawa. Ke ko a jikinki. Daga nan ba abin da ya rage sai in ɗora yatsa a kan maɓallin wuta in danne har ki ɗauke numfashi, duk abin da ban adana ba ya bi ruwa.

Ga abin da ya fi ci min rai, Hajiya. Da shuɗin allo kike nuna min, da na gode miki. Mutane suna tsoron shuɗin allon nan, alhali mutunci ne. Ma'anarsa Windows ta ga ɓarnar da ba za ta iya gyarawa ba, sai ta tsayar da komai da kanta, ta rubuta sunan matsalar a allo, irin su MEMORY_MANAGEMENT, ta kuma ajiye ɗan fayil a jakar Minidump wanda mai sani zai buɗe ya ga wanda ya tsokano fitinar. Amaryar da ta yi yaji ta fi wadda ke gaba sauƙin sha'ani. Mai yaji ta tafi gidansu ta faɗi laifinka, ka ji, ka ɗauki goro ka je biko. Mai gaba kuwa tana zaune a ɗaki ta ci kwalliya, ka yi sallama ta kalli bango, kai kuma kana ta lissafin abin da ka faɗa tun shekaranjiya. Irin naki ke nan. Kina sandarewa ne kafin Windows ta samu damar rubuta ko kalma ɗaya.

Na je na buɗe Event Viewer, kundin da Windows ke rubuta duk abin da ya faru a cikinki, da fatan ko kin bar min saƙo. Na tarar da jan layi, Kernel-Power, lamba 41. Gabana ya faɗi, na ce yau asiri ya tonu. Da na karanta sai na ga abin da yake cewa kawai shi ne an tayar da kwamfutar nan ba tare da an kashe ta ta hanyar da ta dace ba. Wato bayan duk abin da kika yi min, shaida ɗaya tak da ke rubuce a kundin, ƙarata ce kika kai.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Ƙanena ya ce ƙwayar cuta ce, a kwamfutar da ba ta gama sanin hanyar intanet ba. Gwaggo ta ce baki ne, wa ya ce in kira maƙwabci ya gani. Wani mai gyara, da na kwatanta masa a waya, bai bari na kai aya ba ya ce: "Yallaɓai, kawo ta mu goge mu sake zuba mata Windows." Wannan maganin na kowace cuta ne a wurinsu, ko allo ne ya fashe. Ni ban yarda da shi a matsayin matakin farko ba, musamman a sabuwar kwamfuta. Windows ɗin da aka zuba jiya-jiya, ba a jibga mata komai ba, yaushe ta tsufa har ta ruɓe? In sabon gini ya sandare, kayan ginin ake fara tuhuma.

Sai na ɗauki hanyar da ta fi cin lokaci: a canza abu ɗaya, a jira, a gani, sannan a taɓa na gaba. Wanda ya canza abu uku a zama ɗaya, ko an dace ta warke, bai san wanne ne ya yi maganin ba.

Na fara da zafi, tunda a garin nan watan Afrilu kan haura digiri 40 a inuwa. Na saka HWiNFO ina kallon ma'auni. Firosesocin zamani sai sun kusa digiri 95 zuwa 100 suke rage gudu don kare kansu, in abin ya wuce nan su kashe kansu gaba ɗaya. Ke ba ki ko kusanci wurin ba. Ledar nan ta ƙasan fankar firosesa, wadda ta ba magina da yawa kunya, tun ranar farko na ɓare ta, man da ake shafawa a tsakaninsu kuma yana nan daidai. Na wanke zafi.

Sai wuta. Nan kam na so in ba ki gaskiya, domin wutar da ake kawo mana ko firji ba ya raina ta: yanzu ta yi sama, anjima ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya koma ja. Na ɗora ki a kan UPS, na zare shi daga bango, kina shan wutar batir zalla. Kika sandare. Na buɗe cikinki na sake danna babbar wayar madabod mai baki 24 da ta firosesa mai baki takwas har na ji ƙarar kamawarsu. Kika sake.

Daga nan na yi abin da ya raba gardama da mai gyaran nan. Na zuba Ubuntu a filashi na tayar da ke daga can. A wannan hali ba ruwanki da Windows, ba ruwanki da direbobinta, SSD ma a kwance yake ba mai taɓa shi. In laifin nasu ne, ya kamata ki yi ta aiki har gari ya waye. Ba a yi nisa ba kibiya ta tsaya cak kamar kullum. Da na bi shawarar gogewa, da na yi asarar yini guda da kuɗin data na dawo inda na taso.

Saura RAM, kuma a nan ne labarin yake.

Sandunan suna ramin da littafi ya ce, na biyu da na huɗu daga firosesa, waɗanda ake rubuta wa A2 da B2. Ba nan matsalar take ba. Tana jikin lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a kwalinsu: 3200. Abin da mai saye ba ya ji a bakin mai sayarwa shi ne irin waɗannan sandunan na DDR4, in ka soka su ka kunna, a 2133 suke tashi, gudun da aka tabbatar kowace madabod za ta ɗauka. Kafin su kai abin da ke jikin kwali sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, tsarin da Intel ya fito da shi a 2007. AMD ma ya kawo nasa mai suna EXPO a 2022 don DDR5. Da ka kunna, sai a ƙara musu gudu, a ɗaga wutarsu daga bolt 1.2 zuwa 1.35. A taƙaice tura su ake yi sama da gudun da aka yi yarjejeniya a kai, kuma sai sandunan, da madabod, da ɓangaren firosesa mai kula da su duk sun amince kafin a zauna lafiya. Ni na kunna shi, ban kuma ga laifina ba, abin da na biya kuɗinsa nake nema.

Wannan ne ya bayyana min dalilin da ya sa gabarki ba ta da lokaci. RAM ita ce inda kike ajiye duk abin da kike aiki da shi a wannan daƙiƙar. In sanda ɗaya tana kuskure jefi-jefi, sifili ya koma ɗaya, to ya danganta da inda kuskuren ya faɗa. In a cikin hoto ne, ɗigo ɗaya ya canza launi, ba wanda zai lura. In kuwa ya faɗa inda zuciyar Windows ke ajiye lissafinta, shi ke nan, komai ya tsaya. Shi ya sa wata rana ki jure wasa mai nauyi na awanni, wata rana kuma ki ƙame a kan buɗe takarda guda.

Na ɗauko MemTest86, tsohon alƙalin nan da Chris Brady ya fara rubutawa a 1994. Daga filashi yake tashi, ba ya neman izinin Windows. Aikinsa ya rubuta lambobi a kowane lungu na RAM, ya dawo ya karanta, ya ga ko abin da ya ajiye shi ya tarar. A shari'arsa kuskure ɗaya ma ya yi yawa. Na bar ki da shi na kwanta. Da asuba na leƙo, allo ya yi ja. Wallahi ban taɓa murna da ganin jan rubutu irin ta ranar ba, domin karo na farko ke nan da wani a cikin gidanki ya buɗe baki ya yi min magana. Na cire sanda ɗaya, na gwada ɗayar ita kaɗai: tsaf. Na musanya su a rami guda: ja. Na kashe XMP na mayar da mai laifin 2133: tsaf. Ashe sanda ɗaya ce ba ta iya gudun da aka rubuta mata, ita ce ta haɗa ni faɗa da ke, da masu wuta, da Gwaggo.

Kada ki ce duk na'urori haka suke, ba a faɗin laifi. A Yulin 2024 Intel ya fito fili ya amsa cewa wasu firosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suna jan wuta fiye da kima har su riƙa rikicewa, daga baya ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Naki ba ya cikinsu, na duba. Na kawo shi ne don ki ga ko manya suna magana in abu ya ɓaci.

To ga sharuɗɗan zamanmu daga yau. XMP zai zauna a kashe, ki yi ta tafiya a 2133, na haƙura da ɗan bambancin, wanda a aikin rubutu ma ba a ganinsa. Sandunan biyu zan mayar tare, tunda a kwali ɗaya aka sayar da su, in karɓo wasu, kuma ba za su kwana a cikinki ba sai MemTest86 ya wanke su. Zan sabunta miki BIOS, domin sababbin zubi sukan gyara zaman madabod da RAM, amma sai ranar da batirin UPS ya cika maƙil, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aikin, madabod na iya mutuwa murus. In hunturu ya shigo zan riƙa buɗe ki ina hure ƙura.

Ke kuma abu ɗaya nake roƙo. In wani abu ya sake damun ki, ki faɗa. Ki nuna shuɗin allo, ko baƙi ma, tunda Microsoft ya sauya masa launi a 2025, ki bar sunan matsalar ya daɗe har in ɗauko waya in ɗauki hotonsa. In kuwa an kawo sababbin sanduna kika ci gaba da wannan hali, PSU zan tuhuma, bayansa madabod, ɗaya bayan ɗaya. Kwalayenku duk suna saman sif, kowanne da rasit ɗinsa a ciki, garanti kuma bai ƙare ba.

Wassalam.

Naki,
Maigidan da ya haɗa ki.