Masu Sayen Tayil ɗin Banɗaki

A da, bangon makewayi ba ya neman komai sai yaɓe, in mai gida ya ji daɗi ya shafe shi da siminti. Yanzu kuwa ɗakin da ake shiga da ƙafar hagu ya zama fagen gasa. Mai son ganin halayen mutane ya samu benci ya zauna a shagon tayil, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko a Dei-Dei ta Abuja.

Alhaji mai son ɗan Sifen tun daga bakin ƙofa yake kafa sharaɗi: "Kai yaro, ban da na Chana." Yaron shago ya rusuna: "Ranka ya daɗe, ai irinku ba a nuna muku shi." Sai ya jawo kwali daga can ƙurya, ya kaɗe ƙura. Alhaji ya ƙwanƙwasa tayil da zobensa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, ya gyaɗa kai. Bai taɓa juya bayan tayil ya karanta ba. Da zai juya, wataƙila ya ga a Ajaokuta aka gasa shi, kuma ba laifi gare shi, sai dai kuɗin Sifen aka biya.

Malam mai lissafi ya fi kowa ban tausayi. Ya auna bango da kansa, ya buga a waya, ya zo da adadi daidai wa daida. Mai liƙa tayil ya gaya masa ya ƙara kwali ɗaya a kan kowane goma, saboda yanka a kusurwa da wanda zai fashe. Malam ya yi murmushin wanda ya gano dawar garin: "So yake ya kai gidansa." Aiki ya zo ƙarshe, saura ƴan ƙwayoyi, tayil ya ƙare. Kafin ya koma kasuwa wancan zubin ya tafi. Sabon da aka kawo lambarsu ɗaya, amma launinsa ya ɗan fi duhu, don gashi ba ya zuwa iri ɗaya. Yau in ka shiga banɗakinsa ka rufe ƙofa za ka ga wani faci a bayanta. Kada ka tambaya. Zai ce maka ado ne.

Hajiya mai waya da hoto take tafe, banɗakin wani otal a Dubai da ta gani a Instagram, baƙi wuluk yana ƙyalli. Nata taku huɗu ne, taga ɗaya, ruwan kuma na rijiyar burtsatse, mai barin farar kanta duk inda ya bushe. Har ƙasa take so a shimfiɗa baƙin tayil ɗin. Mai shago ya ce, "Hajiya, wannan na bango ne, santsi gare shi." Ta ce ai a hoton haka yake. Mai aikinta ce za ta biya bashin da soso.

Akwai wadda ba ta kallon launi sam: "Irin wanda Alhaji ya sa wa waccan, amma nawa ya fi tsada."

Ƴan jere su ne ke cika shago. Ƙawayen amarya na son komai ruwan hoda, daga labulen wanka har buta. Gwaggo kuwa ta sa tabarau tana bin zanen tayil da yatsa, kada wata lanƙwasa ta yi kama da rubutun Larabci a kai shi wurin da bai dace ba. A nan ina bayanta. Inda muka rabu shi ne madubi, don ita a ganinta duk wanda ya wuce tafin hannu gayyatar mutanen ɓoye ne.

Ɗan haya sitika yake saye, tunda mai gida ba zai mayar masa da ko kwabo ba. Da rani sai ka rantse marmara ce. Damina na sauka, bango ya tsotsi danshi, marmara ta fara naɗewa daga sama.

Shi kuwa mai liƙa tayil, ba a cika ganinsa yana sayen na kansa ba. Amma banɗakinsa a liƙe yake tsaf: layi ɗaya ɗan Sifen, layi ɗaya baƙin Hajiya, ga ruwan hoda a gefen famfo, sai ƴan ƙwayoyi masu kama da na Malam mai lissafi.