Lakadan Ba Ajalan Ba

Yau kwana biyu ke nan ban bi ta Ƙofar Marusa ba. In zan shiga gari sai in zagaya ta wata hanyar, in ƙara wa mai Keke Napep kuɗi, don kada in haɗu da wanda ya halarci ɗaurin auren ƙanena ranar Juma'a. Matsalar ita ce rabin Katsina sun halarta.

Wani yaro ne a ofishinmu ya jawo mini. Ya ga takardata ta ayyukan yini, mai layi ashirin da wani abu, sai ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, ai an daina wannan." Ya ba ni labarin wani Ba'amurke, J.D. Meier, tsohon ma'aikacin kamfanin Microsoft, wanda ya fitar da littafi a 2010 kan yadda mutum zai tsara lokacinsa. Dabarar ba ta da wuya. Ka bar lissafa aikace-aikace, ka rubuta sakamako uku kacal da kake so ka gani kafin rana ta faɗi. Uku na yini, uku na mako, uku na wata, uku na shekara. Ranar Litinin ka tsara mako, ranar Juma'a ka zauna ka yi wa kanka hisabi. Wai idan ka riƙe sakamakon, ƙananan ayyukan za su biyo shi da kansu kamar 'yan tsaki a bayan kaza. Abin ya shige ni. Ranar Litinin na fara, kuma gaskiya kwana huɗu na ji daɗinsa, har na fara kallon abokan aikina da tausayi.

Daren Alhamis uwargida ta miƙo mini takarda biyu da ta yago daga littafin makarantar yara, cike gaba da baya. Ni ne wakilin ango, tun da mahaifinmu ya rasu. Goro, alawa, dabino, tabarmi, lasifika, waye zai ɗauko Gwaggo daga Batagarawa, har abu goma sha huɗu.

Na ce mata, "Waɗannan duk ayyuka ne. Ni sakamako nake bi yanzu."

Ta ce, "Malam, ka bi abin da kake bi, amma ka karanta ta."

Ban karanta ba. Na samu ɗan kati na rubuta sakamakona uku da jan biro. Na ninke takardunta gida huɗu, na haɗa da katin da rasiɗin goro, na cusa su a ambulan ɗin da na sayo don sadaki, da niyyar in na zo sa kuɗin in cire su. Da safe na shafa aljihun babbar riga, na ji ambulan da kauri, na ce alhamdu lillahi.

An idar da sallar Juma'a, aka shimfiɗa tabarmi a gaban masallaci. Jama'a maƙil, har kan titi. Dangin amarya manyan mutane ne, akwai masu rawani biyu a sahun gaba. Na gyara hula, na nemi aure wa ƙanena da murya mai kyau, wadda na gwada sau uku a banɗaki. Waliyyi ya ce ya ba mu. Liman ya tambayi sadaki.

Na ce, "Naira dubu ɗari biyu."

Ya ce, "Lakadan ko ajalan?"

Nan ne wurin da nake ta komawa in na kwanta. Da na ce "lakadan" kawai na yi shiru, da da sauƙi. A'a. Sai da na ɗaga murya na ce, "Lakadan ba ajalan ba, Allah gafarta Malam!" Sanƙira ya cafe, ya maimaita a lasifika, har da ƙari daga aljihunsa, wai gidanmu ba a san mu da bashi ba tun kaka da kakanni. Na zaro ambulan da hannu biyu, na ɗan rusuna, na miƙa.

Waliyyi bai buɗe ba. Ya miƙa wa wani ƙanensa ya ƙirga a gaban shaidu. Mutumin ya lashi yatsa. Wallahi ya lashi yatsa tukuna, ina kallo. Ya zura hannu, ya zaro katina. Ya juya shi, ya sake leƙa ambulan, ya zazzage. Takardun uwargida suka faɗo a kan tabarma, rasiɗin goro ya biyo baya a hankali kamar ganye.

Da a ce mutumin mai gani ne sosai, da ya karanta a zuci ya rufa mini asiri. Amma ya bar tabarau a gida, sai ya miƙa wa sanƙira katin, a zatonsa wata wasiƙa ce daga dangin ango. Shi kuwa sanƙira sana'arsa ke nan, abin da aka ba shi faɗa yake yi.

"Jama'a a saurara! Na ɗaya, a ɗaura aure lafiya!"

Jama'a suka ce, "Amin."

"Na biyu, kowa ya koma gida da farin ciki!"

"Amin!"

"Na uku, in fita kunyar surukai!"

Wannan karon amin ɗin mutum uku ne suka faɗa, su ma a ciki-ciki. Na ji zufa ta taso daga ƙarƙashin hula ta gangaro ta bayan kunne. A garin da ake yi wa mutanensa kirari da kunya, ni ne na rubuta tawa a kati na ba mai lasifika. Ban gama haɗiye wannan ba, sai na ga ya duƙa ya ɗauki takardar uwargida. Na miƙa hannu. Hannun babbar riga ya zamo ya rufe mini yatsu. Kafin in naɗe shi ya kai lamba ta tara.

"Ka sa kuɗin sadaki a ambulan tun da dare. Kada ka ce sai da safe, na san halinka!"

Ɗaya daga cikin masu rawani ya ja amawali ya rufe baki. Kafaɗunsa ne suka tona shi.

Na ce a ba ni lambar asusu, yanzu zan tura. Na zaro waya. Manhajar bankin ta fara wannan juyin nata, ɗan da'irar nan da ke zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mai POS na bakin titi ya rufe ya tafi masallaci bai dawo ba. Ƙanena, ango, yana can baya cikin abokansa da farar shadda, na hango shi ya zauna a kan bokitin wani mai sayar da zoɓo.

A nan Allah ya haɗa ni da wani tsoho. Ban san shi ba, ba danginmu ba ne, ba na amarya ba. Irin dattawan nan ne da ba a ɗaura aure a unguwa babu su. Ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa, yana warin goro da ɗan-goma.

"Yaro, ɗaga ta sama. Sabis ɗin nan daga sama shi ke tahowa."

Na ɗaga.

"A'a, ba nan ba. Huskanci Gobarau da ita. Duk garin nan can ne iska ta hi kyau."

Ni da digirina, na juya waya na fuskanci inda nake zaton hasumiyar Gobarau take, hannu a sama, a gaban mutum ɗari uku. Hasumiyar da ta shekara ɗaruruwa a tsaye, ladanai sun hau ta, masu tsaron gari sun hango mahara daga kanta, ban taɓa jin an ce tana raba sabis ba. Da'ira ta ci gaba da juyawa.

"Cire batir ɗin ka hura mashi iska."

Na ce, "Baba, irin wannan ba a cire mata batir."

Ya dube ni da tausayi. "To ka ga inda aka cuce ka." Ya ɗan yi tunani, ya gutsiri goro. "Mu a zamaninmu kuɗɗin sadaki cikin hula aka sa su. Ka taɓa ganin wanda ya manta kanshi a gida?" Sai ya sa hannu ya ɗaga hulata, a gaban kowa, ya leƙa ciki, ko da rabo. Ya mayar mini da ita a karkace. "Babu," in ji shi, ya sanar da liman, kamar an aike shi.

Liman, Allah ya saka masa, ya ce ai shari'a ta yarda a yi ajalan, in waliyyi ya amince. Waliyyi ya yi murmushi ya ce shi bai ƙi ba, amma duk unguwa ta ji an ce gidan nan ba a san su da bashi ba, ba ya so ya zama shi ne farkon wanda zai ɓata musu tarihi. Tsohon ya sake raɗa mini, "Ka ce a ɗaga sai bayan la'asar. Ko ka ba da agogon nan jingina. Na gaske ne?" Ba na gaske ba ne.

Kawunmu ne ya cece ni. Ɗan kasuwa ne, ba ya rabuwa da kuɗi a lalita. Ya ƙirgo dubu ɗari da saba'in, abokan ango suka yi karo-karo suka cika talatin, har da 'yan ɗari biyu-biyu masu laushi da suka fito daga hannun mai zoɓo. Mai ƙirga ya sake lasar yatsa, yana kallona. Aka shafa Fatiha wajen ƙarfe uku da rabi. Goro bai isa ba, don lamba ta huɗu ta ce in ƙaro ƙwarya ɗaya. Gwaggo kuwa tana Batagarawa da mayafinta a kafaɗa tun ƙarfe goma sha ɗaya, tana jiran mota.

Da zan tafi tsohon ya riƙo mini riga ya ce in ba shi katin, zai kai wa jikansa, addu'o'in ciki sun yi kyau.

Uwargida ba ta ce komai ba da na shiga gida. Labari ya riga ni isowa ta WhatsApp, da murya da hoto, har da wurin da nake fuskantar Gobarau. Ta nuna mini ƙusar bayan ƙofa da leɓe. Kuɗin suna nan cif a aljihun kaftanin da na cire ranar Alhamis, wanda lamba ta goma sha ɗaya ta ce in kai wa mai wanki da sassafe. Shi ma ban kai ba.