Ƙibar da Muke Yi wa Barka

Mu dai a unguwa da ido muke duba lafiyar mutum. Ya wuce ta gaban majalisa, kafin ya kai kwanar masallaci an gama auna shi: wane ya rame, wance ta ciko, wancan wuyansa ya fito. Idan ramewa ce sai a rage murya, a ce “Allah dai ya sa lafiya.” Idan ƙiba ce kuwa, barka ta ko'ina. A gidan suna za ka ji ana cewa, “Kai, Hajiya, masha Allah, kin yi ɓul-ɓul, me kike ci ne ba ki sam mana ba?” Ita kuma ta yi dariya ta ce, “Rufin asirin Allah ne, Yaya.”

Wannan ɗabi'a tana da tushe, musamman ga wanda ya ga shekarun da cutar ƙanjamau ke ɗibar mutane babu magani. A lokacin ramewa ce alamar da kowa ya sani, kuma mun binne 'yan uwa da yawa. Amma zamani ya juya. Tun 2006 gwamnatin Najeriya ta fara ba da maganin kyauta, yanzu kuma yawancin masu karɓa ƙwaya ɗaya tak suke sha a rana, wadda ma'aikatan asibiti ke kira TLD. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV sun kai miliyan 1.9. Da yawansu suna nan cikinmu, suna kasuwa, suna aurar da 'ya'ya, wasu har da jikoki. Sun kai shekarun da hawan jini da ciwon suga ke fara ƙwanƙwasa ƙofa, mu kuwa har yanzu kumatunsu muke kallo.

Abin da bakinmu ke jawowa shi ne ya fi damuna. Mace tana shan maganinta tsakani da Allah, jikinta lafiya lau, amma tsoron kada a ce ta rame ya sa take ƙara tuwo, take ƙara mai a miya, take kwana da shayi mai kauri. Wata ma sai ta aiki yaro kemis ya sayo mata “sha ka fashe.” Cikin irin waɗannan ƙwayoyi na sa ƙiba akwai waɗanda ke kumbura fuska, su tayar da hawan jini, su hau da sukari, su kuma ƙara raunana garkuwar jiki. Mu ne muka tura ta can da ido da gulma, sannan mu ne za mu taru mu ce ta murmure.

A can ciki labarin daban ne. Jijiyar jini kamar bututun ruwan famfo take: muddin cikinta sumul ne, ruwa na wucewa salin-alin, amma da ya fara tsatsa sai datti ya samu wurin maƙalewa, hanya ta dinga tsukewa har ta toshe. Bangon cikin jijiya wata siririyar fata ce mai laushi, ita ke sa jijiyar ta buɗe ko ta tsuke gwargwadon buƙata, ita ke hana jini daskarewa a inda bai kamata ba. Ƙwayar HIV, ko bayan magani ya danne ta har awo ba ya ganin ta, tana barin sojojin garkuwar jiki a tsaye cikin shirin yaƙi, ba sa komawa barci gaba ɗaya. Wannan ƙaramin kumburi da ba a ji, ba a gani, shi ke gurje bangon jijiya a hankali shekara da shekaru. Kitse ya liƙe a wurin, jijiya ta yi tauri. Ranar da ta toshe a zuciya, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna haɗarin ciwon zuciya da jijiyoyin jini ga mai ɗauke da HIV ya ninka na wanda ba ya ɗauke da ita.

Shi kansa maganin yana da nasa rabon a zancen ƙiba. Sinadarin dolutegravir da ke cikin TLD yana danne ƙwayar cuta da sauri, bai kuma cika wahalar da mai sha ba, shi ya sa aka koma kansa. Sai dai gwajin da aka yi a Johannesburg, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, ya nuna masu shan sa sun fi ƙara nauyi, mata kuma sun fi maza. To, da an ji haka na san abin da wani zai ce a majalisa: “Ka gani ko, Malam? Na faɗa maka ƙwayoyin nan ne ke kashe mutane. Tunda ka ji sauƙi ka huta mana.” Don Allah kada mu ƙara ba kowa wannan shawara. An taɓa gwada ta a aikace. Wani babban bincike mai suna SMART, da ya ƙunshi mutum sama da 5,000 a ƙasashe 33, ya kwatanta masu shan magani kullum da masu tsayawa su ci gaba. A farkon 2006 aka dakatar da shi tun kafin wa'adinsa, saboda masu hutawar sun fi mutuwa, sun kuma fi kamuwa da ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta. Idan ƙwayar cuta ta farfaɗo, kumburin nan na cikin jijiya ne ke ƙaruwa. Wanda nauyinsa ke hauhawa ya faɗa wa likitansa, amma ƙwayar nan ta kullum ba abar wasa ba ce.

Sai kuma ranar da abin ya faru. Magidanci ya tashi alwala da asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Nan take gida ya cika. Wannan ta ce jifa ne, wancan ya ce ya taka sawun aljanu a bayan gida, wanda ya san sirrinsa kuma ya koma gefe ya ce a ransa, “Cutar ce ta zo tafiya da shi.” A kwantar da shi a ɗaki, a yi ta shafe-shafe, a ɗaga kansa a ɗura masa ruwa ko kunu alhali maƙogwaronsa ba ya iya haɗiya, abin ya zarce huhu. Sai rana ta yi tsaka, ko ma washegari, a nemi mota. Awannin farko nan su ne suka fi tsada a shanyewar jiki. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti. A yi ta a cikin mota ana tafe, kuma kada a sa masa komai a baki.

Akwai wani ɓoye-ɓoye da mu muka koya wa masu ɗauke da HIV, wanda shi ma yana cutarwa. Mutum ya tsallake asibitin unguwarsu ya tafi wani gari karɓar magani don kada a gan shi a layi. Can ana duba jininsa, a ce masa ba a ga ƙwayar ba, ya dawo da murna, kuma ya cancanci murnar. Amma idan kansa ya dame shi da ciwo, wajen mai kemis zai je, ko wani asibitin daban, kuma ba zai taɓa faɗin abin da yake sha ba. Ga shi kuwa magunguna suna faɗa da juna. Mai shan magani na mataki na biyu da ke ɗauke da ritonavir, misali, ba a haɗa masa da maganin rage kitse mai suna simvastatin, don yana iya lalata masa tsoka. Likitan da bai sani ba zai rubuta da zuciya ɗaya. Haka ma jiƙe-jiƙen da ake sha a ɓoye. Kuma duk zuwa karɓar magani, ya kamata mutum ya miƙa hannu ya ce, “Sista, a gwada mini hawan jini.” Idan awo yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban, magana ta tashi, ko da ba ya jin komai a jikinsa. Sukari da kitsen jini da ƙoda su ma a riƙa duba su lokaci-lokaci.

Wani labari mai daɗi ya fito a 2023. Bincike ne da ake kira REPRIEVE, da mutum 7,769 masu shekaru 40 zuwa 75 a ƙasashe 12, ciki har da Uganda, Zimbabuwe, Botswana da Afirka ta Kudu. Dukkansu suna shan maganin HIV, kuma a ma'aunin da aka saba ba a ɗauke su masu babban haɗarin ciwon zuciya ba. Aka ba rabi ƙwayar pitavastatin kullum, rabi kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. Bayan kusan shekara 5, bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu sun ragu da kashi 35 cikin 100 a wajen masu shan maganin. An ɗan samu ƙarin ciwon tsoka da ciwon suga a cikinsu, shi ya sa ba abin da za a saya a kemis a fara sha ba ne. Amma duk wanda ya haura 40 yana da hujjar tambayar likitansa ko irin wannan magani ya dace da shi.

Sauran kuma a madafinmu yake da bakin shagon mai shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen cokalin shayi ɗaya ke nan, a haɗa da na cikin dunƙulen magi da na yajin tsire. Mu kuwa tukunya ɗaya sai ta sha dunƙule huɗu, a barbaɗa gishiri, a kawo yaji a gefe. Daddawa da albasa da citta suna iya ɗauke rabin wannan aiki. Taba ta fi duka muni: wani bincike daga Denmark a 2013 ya gano cewa masu HIV da ke samun kulawa amma suna shan sigari, shekarun da taba ke ci musu sun fi waɗanda ƙwayar cutar ke ci. Shishar da samari suka ɗauka ado ita ma hayaƙi ce.

Ni abin da nake so in ga mun yi a layinmu ba shi da wuya. A yi karo-karo a sayi na'urar awon hawan jini guda ɗaya, irin mai batir, a ajiye ta wajen mai unguwa ko wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa. Ranar Juma'a bayan la'asar maza su gwada, mata kuma a cikin gida ranar adashi. Liman ya fara miƙa hannu, sai mai shago, sai direba, a rubuta wa kowa lambarsa a 'yar takarda ya sa a aljihu. Mai ɗauke da HIV zai shiga layi kamar kowa ba tare da an tambaye shi dalili ba, kuma duk wanda lambarsa ta hau a samu wanda zai raka shi asibiti ranar Litinin.