Bazazzagi da sifilin da ya kayar da shi

Malam Bazazzagi, bawana, ina gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Na so in rufa maka asiri, to amma duk wanda muka yi makaranta tare ya riga ya ji labarin walimar da ka yanka raguna biyu mutum biyar suka zo, kuma biyu daga cikinsu maƙwabtanka ne da ƙamshi ya jawo. Har da kirana da daddare kana huci, wai Kanawa ba mu san zumunci ba sai kuɗi. Na yi shiru na bar ka ka gama, don na san Bakano ba ya jin labarin nama kyauta ya zauna a gida. Idan ba ka gan ni ba, saƙon ne bai zo ba.

Mu muka jawo wa kanmu. Da za a zaɓi sakataren ƙungiyar 'yan ajinmu aka ce a ba na Zariya, birnin ilimi, mai tabarau, wanda ya girma yana hango jami'ar da aka kafa tun 1962. Ranar da ka karɓi aiki ka ɗaga tsohon littafinmu na lambobi da yatsa biyu kamar ka tsinci mataccen ɓera, ka ce zamani ya wuce wannan. Ka kawo manhajar adana lambobin jama'a, wadda za ta tura wa kowa saƙo da danni ɗaya. Ta kuwa tura, sai dai ka tambaye ni ina.

Asabar ɗin da ta biyo baya na hau mota daga Unguwa Uku na same ka a Samaru, na zauna gaban kwamfutarka. Na nemi sunana, sai ga lambata an yi mata kwalliyar da ban san ta da ita ba: sifilin farko ya tafi, an kulle 803 cikin baka biyu, sauran an raba su uku da huɗu da ɗan karan ɗori a tsakani, a gaba kuma an liƙa +1. Kana tsaye a kaina kana cewa ai haka ta fi kyan gani. Malam, wannan shigar Amurkawa ce. Lambar Amurka da Kanada guda goma ce, ukun farko na yanki ne. Tamu ta salula goma sha ɗaya ce idan ka haɗa da sifili, ka cire shi ta koma goma cif, ta shige rigar Ba'amurke kamar don ita aka ɗinka. Ita kuma manhajar, ranar da ka girka ta ta tambaye ka ƙasarka, kai kana sauri kana danna gaba gaba ba ka karanta ba, ta zauna a kan ƙasar masu ita.

To 803 lambar yanki ce a jihar Karolina ta Kudu. Ni da ban taɓa wuce Jidda ba, ka mayar da ni can ba biza ba kuɗin jirgi. Masu 0802 ka kai su Bamont, kusa da iyakar Kanada, cikin ƙanƙara, har da dattijon nan namu da ke sa rigar sanyi biyu da hunturun Kano. Masu 0806 suna Tekzas. Ma'ajinmu mai 0808, mutumin da ko bakin dam ɗin Tiga ba ya yarda ya tsaya, shi ka jefa Hawai, tsakiyar teku. Ina ta tunanin wani Bature can ya farka da asuba ya ga saƙo ana gayyatarsa cin rago a Samaru bayan la'asar.

Sai na tambaye ka inda sifilin ya shiga, ka ce "wallahi na rubuta shi, kwamfutan ne ya cinye." Kwamfutan ne ya cinye! Mutanen da har yau ba su raba mace da namiji a magana, masu cewa matana ya dawo daga unguwa, ta yaya za su raba lambar kira da lambar ƙirga? Nan fa gizo yake saƙa. Ka fara zuba lambobin a Excel, shi kuwa akawu ne, lissafi aka yi shi dominsa. Duk abin da ka ba shi na alƙaluma zalla yana ɗaukarsa adadi, kuma a lissafi sifilin hagu ba ya ƙara komai, 05 da 5 duk ɗaya ne, sai ya share maka shi yana ganin ya taimake ka. Ban ga laifinsa ba. Lambar waya suna ce da aka rubuta da alƙaluma. Ba wanda ya taɓa tara lambarsa da ta matarsa ya raba biyu ya kira abin da ya fito. Kai da ka yi boko har ka ƙoshi an koya maka sifilin hagu banza ne, ka yarda. Mu 'yan Kantin Kwari ba mu taɓa raina sifili ba ko ta wane gefe ya tsaya, mun san abin da ɓatan guda ɗaya ke yi wa mutum a rasit.

Da a nan ka tsaya da sauƙi. Amma ka ce bari ka gyara, ka bi wasu lambobin kana rubuta musu +234 da hannu. Akawun ya ga alamar tarawa ya ɗauka lissafi ka ba shi, ya haɗiye ta. Abin da ya rage alƙaluma goma sha uku ne, shi kuma adadi in ya kai goma sha biyu yakan dunƙule shi irin na masu kimiyya, sai ka ga 2.34803E+12 jere reras daga sama har ƙasa. Ka ce mini a ranar har ka yi zaton cuta ce ta shiga na'urar. Ai lokacin lambobin suna nan lafiya a ƙarƙashi, fuskar ce kawai ta sauya. Kai ne ka adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, shi kuwa CSV abin da ke bisa fuska shi yake kwashewa. Da ka sake buɗewa, mutanenmu masu 0803 sun zama 'yan gida ɗaya, kowa 234803 da sifili bakwai a bayansa. Waɗanda alƙalaminsu na gaba ya kai biyar ma an ciccika su sun koma 804. Ka je neman sifili ɗaya ka dawo da bakwai, gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda ka yi wa karamci irin na Zazzau, ka ba su duka biyun: +234 sannan 0803. Sifilin nan ɗan gida ne, aikinsa ya shaida wa layi cewa kiran cikin ƙasa ne. Ita 234 lambar Nijeriya ce ga wanda ke nemanta daga waje. Idan ɗaya ya shigo ɗaya ya fita. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba ta shimfiɗa, wadda ake kira E.164, haka ta tsara: lambar ƙasa, sai lambar mutum ba sifilin gida, duka kada su haura alƙaluma goma sha biyar. WhatsApp ma da wannan sigar yake gane mutum. Kada kuma ka ɗauki wannan ka je kana aske wa kowace lamba sifili, don na san halinka in ka koyi abu sabo. Mutanen Italiya suna barin nasu a lambar gida ko daga waje aka kira. Jamhuriyar Benin ta ƙara 01 a gaban lambobinta a ƙarshen 2024, duk mai abokin ciniki a Kwatano ya sha wannan gyaran. Ɗan'uwanmu na Maraɗi kuwa lambarsa takwas ce bayan +227, ba ta da sifilin gida tun asali, amma ka tausaya masa ka ƙara masa ɗaya, ka kuma ɗora 234 a kai, ka ba shi takardar zama ɗan ƙasa bai nema ba.

Abin da ya cece mu, Hajiya. Allah ya saka wa uwargidanka da alheri, ita ta ɗauke littafin nan da ka wulaƙanta ta ajiye a ƙasan akwati, ta ce wata rana za a neme shi. Ta miƙo mini shi ta labule ba ta ce uffan ba, amma na ji dariyarta har ta isa kicin. Sauran aikin abin da na gani wurin yaran kasuwar waya ta Fam Santa ne, yaran da ko sakandare wasu ba su gama ba. Na shiga saitin manhajar na mayar da ƙasa Nijeriya. Na buɗe sabon shafi, kafin in rubuta ko alƙalami ɗaya na gaya wa layin lambobin cewa rubutu zai ɗauka, wurin da aka sa Text. Muka kwafe daga littafi, kana karantowa ina bugawa, kowa da alamar tarawa da lambar ƙasarsa. Na fara gwadawa da mutum uku, wayoyinsu suka yi ƙara, sannan na zuba sauran. Wayarka ta hannu ma, wadda ka saya kana taƙama daga Amurka aka kawo ta, na tarar har yau tana zaton a can take, ita ma na dawo da ita gida.

Inda na riƙe hannunka shi ne da manhajar ta ce ta ga sunaye masu maimaici, ko a haɗe su. Gaskiyarta, ni kaɗai na fito sau uku, ɗaya Bakano, ɗaya Ba'amurke, ɗaya mai sifili bakwai. Amma har ka kai yatsa za ka danna a haɗe duka, ka manta Ibrahim nawa ne a ajinmu. Da na bar ka, da an wayi gari mutum ɗaya na da waya tara da mata goma sha.

Yanzu saura lissafi, ka san Bakano ba ya tashi bai yi shi ba. Kuɗin mota zuwa da dawowa na yafe, sadaka ce ga mabuƙaci. Ragon ne ban yafe ba. Kason cinya nake bi, da kai da ƙafa na ladan gyara. Ba zan rubuta maka lambata a nan ba, kar ka sake kai ni Karolina. Ka sauka a Unguwa Uku ka hau adaidaita zuwa Kwari, ka tambayi kowane ɗan dako ina shagon ubangidan Bazazzagi, zai kawo ka har ƙofa. Kada ka taho da littafin, a hannun Hajiya za a bar shi.