Tsimin Harsashi a Idaho

Mutanen jihar Idaho ba sa zubar da kwanson harsashi. Je filin harbi ranar Asabar ka gani: dattijo mai gonaki da shanu zai gama ɓarin wuta, sannan ya durƙusa yana laluben ƙasa, yana tsince tagulla ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gwangwanin kofi. Masu libarba ne kaɗai suka huta da durƙuso, domin ita ba ta tofar da kwanso, a gangarta yake zama sai ka zazzage shi a tafin hannu. Dalilin wannan tattali shi ne, cikin abubuwa huɗu da suka haɗu suka zama harsashi, kwanso kaɗai ke dawowa gida. Ƙyastun da ke gindi da albarushi da kan darma, da ka ja kunama sun tafi ke nan. Dokar Amurka kuwa ta yarda mutum ya sake ɗura kwansonsa don amfanin kansa, sayarwa ce sai da lasisi.

Ni abin da ya kai ni ciki, fim ne. Tun ina yaro na ga Clint Eastwood a Dirty Harry na 1971 riƙe da Smith & Wesson samfurin 29, mai cin harsashin .44 Magnum, na ƙudura a raina in Allah ya ara mini rai sai na riƙe irinta. Da aiki ya kawo ni Idaho, takardu suka kammala, na je na saya. Fim ɗin bai nuna wurin da ake biyan kuɗin harsashi ba. Kwali ɗaya mai guda hamsin, kafin shayin da na zo da shi ya huce ya ƙare, aljihu kuma ya ji a jikinsa.

Maƙwabcina ne ya ga halin da nake ciki. Tsohon makanike ne, kunnensa na hagu ya riga shi yin ritaya, shi ya sa duk maganarsa da ƙarfi take. Ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Samari, kana ƙona kuɗi! Zo gareji in koya maka ɗuri, ka rage rabi."

Na kai wa uwargida labari da murna. Ita ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ke riƙe da littafin kashe kuɗin gidanmu. Ta ce, "Malam, rabin me?" Na ce rabin kuɗin harsashi. Ta ce, "In ka daina harbin ai duka za ka rage." Na bayyana mata cewa wannan ba lissafi ba ne, ta buɗe sabon shafi ta rubuta "tsimi" a samansa, ta ja layi biyu.

A bangon garejin maƙwabcin nawa, wanda nake kira Baba, inda wasu ke rataye hoton iyayensu, hoton wani gajeren mutum ne da ƙatuwar malafa da sigari a baki. Elmer Keith ke nan, makiyayi kuma marubuci, wanda aka haifa a 1899, ya yi rayuwarsa a yankin Salmon na nan Idaho, ya rasu a 1984. Ba a taɓa injin ɗuri a garejin nan sai an saurari tarihinsa a tsaye. A ƙuruciyarsa Keith ya cika wa wata Colt .45 ciki har ta tarwatse a hannunsa. Wani da ya tuba. Shi sai ya koma .44 Special, wadda bangon gangarta ya fi kauri, ya ci gaba da ƙara wuta yana rubutawa a mujallu, yana damun kamfanoni su yi harsashin da zai ɗauki wannan zafi. Da hannunsa, tare da Phil Sharpe da Douglas Wesson, a fitowar .357 Magnum a 1935, wadda aka miƙa ta farko ga shugaban FBI, J. Edgar Hoover. A 1955 Remington da Smith & Wesson suka biya masa babban burinsa da .44 Magnum.

Na ce, "To Baba, ashe ta hanyar ganganci aka samu ci gaba."

Ya ce, "Shi ya yi gangancin don kada kai ka yi. Kuma shi yatsunsa sun tsira. Kai ban ga alamar kana da irin sa'arsa ba."

Daga nan aka shiga sayayya. Injin matsewa na ƙarfe mai hannu, da bakunansa da ake ɗaurawa: mai mayar da kwanso girmansa ya fitar da tsohon ƙyastu, mai buɗa baki, mai zaunar da darma ya kalmashe baki. Sikeli. Mazubin albarushi. Ma'aunin tsawo. Tiren jera kwanso. Littafin ƙa'ida na Lyman mai kauri, da na Speer don a gwada wannan da wancan. Speer ɗin ma da ƙyastun CCI a garin Lewiston na jiharmu ake yinsu, abin da Baba ke faɗa da alfahari sai ka ce shi ya kafa garin. Sai teburi, saboda na gidanmu ya ɗaga ƙafa sama da na danna injin. Shafin "tsimi" ya cika, uwargida ta juya baya.

Darasin farko wanki ne. Ana zuba kwanso a wata tukunya mai karkarwa tare da niƙaƙƙiyar totuwar masara, ta yi ta gurnani har tagulla ta yi ƙyalli. In an gama sai a tace. Na duba gareji ban ga abin tacewa ba, na duba kicin na ga rariyar taliya tana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Ina cikin girgizawa sai ga mai rariya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi mini karatu a kan ƙurar darma, yadda take shiga jini, da abin da take yi wa ƙwaƙwalwar yara, ta ƙare da cewa mu da muka ji abin da gubar darma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 bai kamata a tuna mana ba. Rariya ta zama tawa har abada. Sabuwa ta shiga shafin "tsimi", tare da sabulun wanke hannu na musamman.

Darasi na biyu awo. Ana auna albarushi da abin da suke kira giren, wanda guda 7,000 ke cika laba ɗaya, wato giram ɗaya ya haura giren 15, kuma sikelin yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren. In ka yi numfashi kusa da shi sai allura ta motsa. Na gaji da wannan fi'ili na ce wa Baba, maharban garinmu a tafin hannu suke auna albarushin adaka, su ɗura su danna da tsumma, kuma ga su nan da ransu. Ya ce, "Dukansu?" Na ce galibinsu. Ya jawo littafi ya nuna mini: hukumar SAAMI, da masu ƙera makamai suka kafa a 1926, ta ƙayyade matsin .44 Magnum a laba 36,000 kan kowane inci murabba'i, sama da ninki dubu na iskar tayar motata, kuma a tazarar hannu ɗaya daga hancina. Baƙin albarushin maharba daban, wannan marar hayaƙi daban, ba ya yafiya. Shi ya sa ma aka yi kwanson Magnum ya ɗan fi na Special tsawo, don kada ya shiga tsohuwar bindigar da ba za ta iya da shi ba. Dokokinsa uku: abin da littafi ya ce, daga ƙasa ake farawa; gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi; in an zuba, a haska tocila a leƙa kowane kwanso kafin a rufe.

Ranar da na fara ɗuri ni kaɗai, komai na tafiya daidai har wayata ta yi ƙara. Yayana ne daga gida, kan maganar gudummawar bikin 'yar ƙanwar matar kawunmu. Duk wanda ya san yayana ya san ba a ce masa "zan kira ka". Na maƙale waya a kafaɗa, hannu na aiki, baki na cewa "to Yaya, in sha Allahu Yaya". Ya tambayi ƙarar me yake ji, na ce harsashi nake haɗawa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai dai kada ka faɗi haka a waya." Muka yi sallama, na ga tire ya cika da harsasai masu sheƙi. Tocila tana gefe, ba wanda ya dame ta.

Asabar muka tafi fili. Na farko ya tashi da rugugi, na biyu haka. Na uku na ja kunama, na runtse ido, na ture bindiga gaba don tarar dukan da ke zuwa, sai na ji "fus". Na buɗe ido ina shirin sake ja, sai hannun Baba ya sauka a wuyan hannuna. Mutumin da ba ya jin sallama, ya ji ƙarar da ba ta fito ba.

"Ajiye! Kada ka taɓa!"

Kwanson ba albarushi. Ƙyastu kaɗai ya tashi, ƙarfinsa ya isa ya tura darma cikin bututu ya bar ta a can. Da na aika wata a bayanta, da bututu ya kumbura ko ya tsage, da kuma an yi ta neman yatsuna a cikin ciyawa. Baba ya sa sandar tagulla ya fitar da darmar, ya miƙo mini ya ce in ajiye. Na yi masa bayanin cewa matsalar daga Najeriya ta taso. Ya ce bai san yayana ba, amma ya san ba shi ke riƙe da mazubi ba. Ya ƙara da cewa ya ga yadda na rufe ido na dunƙule kafin "fus" ɗin, wato tsoron bindigar nake yi. Na ce addu'a nake yi.

Abin bai tsaya nan ba. In wani kwanso ya rasa rabonsa, wa ya san ko wani ya ci na mutum biyu? Na kawo shawarar a ɗora kowanne a sikeli. Baba ya ce nauyin kwanso da na darma suna bambanta da kansu, awo ba zai ba da tabbaci ba, sai an warware duka. Abin warwarewar wata gudumar roba ce mai rami: ka sa harsashi ciki, ka yi ta maka ta a ƙasa har darma ta fice. Ni da na sayi bindigar Clint Eastwood, ga ni tsugune a gareji cikin sanyin Idaho ina dukan siminti da gudumar roba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Sannu da tsimi, Malam."

Zagaye na gaba na leƙa kowane kwanso har idona ya yi ruwa. Amma saboda tausayin tagulla, na sassauta kalmasar baki don kwanso ya daɗe. A fili, bayan harbi kaɗan, ganga ta ƙi juyawa. Na ja, na girgiza, na yi mata magana da Hausa. Ashe duk lokacin da libarba mai ƙarfi ta yi baya da zafi, darmar da ke sauran ramuka tana so ta tsaya inda take, sai ta riƙa zamewa gaba kaɗan-kaɗan, har wata ta leƙo ta bakin ganga ta tokare. Kalmasa mai ƙarfi ce ke riƙe ta. Baba ya duba ya ce, "Ka tausaya wa kwanso, ka kashe bindiga." Gudumar roba ta sake fitowa.

Da aka samu harsasan da suka amsa sunansu, Baba ya ce lokaci ya yi da za a auna gudunsu. Ya fito da na'urarsa da ya daɗe yana ji da ita: akwati mai idanu biyu da ke ganin inuwar darma in ta wuce, da sanduna a tsaye, a kan ƙafafu uku 'yan taku kaɗan gaban mai harbi. Aikina kawai in bi da harsashi ta tsakanin sandunan, sama da akwatin. Ya ce, "A hankali. Ido buɗe."

Ido ɗaya dai na tabbata a buɗe yake. Na ja. Akwati ya yi tsalle ya juya a sama, batir ya yi gabas, sanduna suka yi yamma. Filin ya yi tsit, sai wani daga can gefe ya fara tafi.

Baba ya taka a hankali ya ɗauko gawar, ya leƙa ta ramin ya hango ni. Na ce, "Baba, nawa ta nuna?"

Ya ce, "Ba ta samu zarafin faɗa ba. Amma tun da muka fara, yau ne ka samu tsakiyar abu."

Hukuncin da ya yanke shi ne in koma ɗuri mai sauƙi, irin ƙarfin .44 Special, har hannuna ya daina tsoro. Ya ce ba abin kunya ba ne, yawancin masu Magnum haka suke yi a ɓoye: su ɗura mai laushi su yi ta harbi, su ajiye mai zafi don farauta da baƙi. Na kai wa uwargida wannan bayani tare da rasiɗin sabuwar na'ura. Ta daɗe tana duba shafukanta, sannan ta ce, "Tsaya in gane, Malam. Ka sayi bindiga saboda ƙarfinta, sannan ka sayi kayan gareji guda don ka rage mata ƙarfi?" Na ce maganar tana da zurfi. Ta ce ta ga zurfin, shafi huɗu ne.

Sabuwar na'urar da na biya irin ta zamani ce mai aiki da rada, a gefen mai harbi ake ajiye ta, ba a gabansa ba. Mai kanti ya rantse mana ba yadda za a yi mutum ya harbe ta. Baba ya dube shi, ya dube ni, bai ce komai ba. Har yau in layi ya zo kaina, sai ya naɗe abarsa ya kai mota ya kulle, shi kuma ya tsaya a bayan motar ya ɗaga murya: "Bismilla, samari!"